Bin Yesu da Bin Dangi: Wa'azin Lahadi a Jalingo

Maƙwabtana Musulmi a unguwar Sarkin Dawaki sun san sautin Lahadinmu kamar yadda na san na Juma'arsu. Suna jin ganga da tulun Zumuntar Mata, suna ganinmu da anko muna neman keke tun da sassafe, amma kaɗan ne cikinsu suka taɓa jin abin da ake faɗa a kan mumbari. Wani dattijo da muke hira da shi bayan la'asar ya taɓa tambayata, "Malam, shi Fadan naku da kansa yake zaɓo abin da zai gaya muku, ko ba shi ake yi?"

A ɗarikar Katolika, inda nake ibada kuma nake cikin masu karanta nassi a gaban jama'a, ba shi ake yi. Akwai jeren karatu da aka fitar a 1969, bayan babban taron Batikan na biyu da aka kammala a 1965. Jeren yana zagayawa cikin shekara uku: ta Matiyu, ta Markus, ta Luka, Bisharar Yahaya kuma tana shigowa a lokacin Ista da wasu makonni. A yawancin Lahadi ana fara karatu daga Tsohon Alkawari, sai Zabura, sai wasiƙar ɗaya daga cikin manzanni, sannan kowa ya miƙe tsaye a karanta Bishara. Abin da aka karanta a Jalingo ran nan, shi aka karanta a Rum da Kinshasa. Ikilisiyoyi da dama na Angilikan da Lutheran da Methodist a duniya suna bin wani jere mai kama da wannan, wanda aka fitar a 1992. A wasu kuwa, irin su Baptist da na Fentikos, fasto ne yake zaɓa, ko ya bi jigon da shugabanni suka sa wa shekara. Abin da ya sa nake ƙaunar jeren shi ne, yana tsayar da mai wa'azi a gaban nassin da in da son ransa ne, da ya tsallake.

Sai kuma a san su wane ne a kan benci. Tun da Jalingo ta zama hedikwatar Taraba a 1991, aiki da kasuwa da karatu sun tara mu daga ko'ina: Mumuye, Kona, Wurkun, Jenjo, Jukun, Tibi, Kuteb, Chamba, mutanen Mambila. Hausa ce ta haɗa mu a sujada. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Wusasa ya yi wa hidima shekara da shekaru, kuma da shi kakanninmu da yawa suka koyi karatu. Mishan da C. W. Guinter ya kafa a Bambur a 1923 shi ne tushen ikilisiyar Methodist da ta yi hedikwata a nan. Dayosis ɗin Katolika na Jalingo an yanke shi daga Yola a 1995, bishof ɗinsa na farko kuma Ignatius Kaigama ne, ɗan Kona, wanda yanzu yake Abuja. Saboda haka duk Lahadi akan sami mutum biyu a benci ɗaya suna riƙe da littafin waƙoƙi ɗaya, alhali a can gida danginsu ba sa ga maciji da juna. Duk wanda ya hau mumbari a garin nan ya san da haka.

Shekarar da ta fi nuna mini ƙarfin jeren karatun ita ce 2019, shekarar Luka. Daga ƙarshen sura ta 9, Luka ya nuna Yesu ya ɗaura niyyar zuwa Urushalima, inda ya san kisa yana jiransa, kuma kusan sura goma ana kan hanyar nan. Yawancin koyarwarsa game da almajiranci a hanyar ya yi ta, ga mutanen da suke tafe a bayansa da ƙafa. Ikilisiya tana karanta tafiyar daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Nuwamba, wato daminarmu da kakarmu.

A watannin Mayu da Yuni na shekarar, rikici ya tashi tsakanin manoman Kona da makiyaya a ƙauyukan da ke kewayen Jalingo da Ardo Kola. An rasa rayuka, an ƙone gidaje, mata da yara suka shigo gari neman mafaka. Ran 30 ga Yuni, karatun Bishara shi ne Luka 9:51-62. Wani ƙauyen Samariyawa ya hana Yesu masauki saboda Urushalima ya nufa, don tsakaninsu da Yahudawa akwai tsohuwar gaba ta addini da ta asali. Yakubu da Yahaya, 'ya'yan Zabadi, suka nemi izininsa su kira wuta daga sama ta cinye ƙauyen. Ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye. Bayan haka mutum uku suka zo da niyyar bi. Na farko aka sanar da shi cewa wanda yake son bi ɗin ba shi da ko makwanci. Na biyu ya roƙi a bar shi ya binne mahaifinsa tukuna. Na uku ya so ya yi sallama da mutanen gida, aka ba shi misalin mai huɗa da ke waiwayen baya.

Na sha jin wa'azi a kan wannan nassi, a namu coci da na wasu, kuma kusan kullum a kan garmar ake sauka. Dalili a fili yake. Duk wanda ya taɓa bin shanun huɗa ya san in ka waiwaya kunyarka ta karkace, karatun farko na ranar ma labarin Elisha ne da Iliya ya same shi yana huɗa, ya yanka shanun, ya dafa naman da itacen karkiyar, ya bi shi. Sai mai wa'azi ya yi magana a kan komawa gidan burkutu, ko zuwa wurin boka a ɓoye, jama'a su gyaɗa kai. Gaskiya ce, ba na musu. Amma a watan da ake ƙone ƙauyuka, ayoyin farko ne suke kallonmu ido da ido: almajirai biyu na kusa da kusa sun nemi wuta a kan wata ƙabila da ta yi musu wulaƙanci, Ubangijinsu ya hana. Wulaƙancin ya faru da gaske, ba ƙage suka yi ba. Duk da haka bai ba su izini ba.

Ran 29 ga Agusta na 2019 aka kashe Fada David Tanko, firist na dayosis ɗin Jalingo, yana kan hanyar Takum zuwa taron sulhu a kan rikicin Tibi da Jukun. An tare shi, aka kashe shi, aka cinna wa gawarsa da motarsa wuta. Bishof Charles Hammawa ya yi kira kada kowa ya yi ramuwa. Rikicin nan ba sabo ba ne. An yi shi a 1991 zuwa 1992, an sake a 2001, a kan ƙasar noma da sarauta da siyasa da maganar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Abin da yake ci mini rai shi ne, mutane da yawa a ɓangarorin biyu Kirista ne. Babbar ikilisiyar Tibi, NKST, da CRCN mai hedikwata a Takum, koyarwarsu gida ɗaya ta fito, dukansu kuma suna cikin Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, TEKAN. Katolika kuma suna kowane ɓangare.

Kwana goma bayan kisan, ran 8 ga Satumba, jeren ya kawo Luka 14:25-33. Ba wanda ya zaɓe shi don Taraba. Tun shekara hamsin baya aka sa shi a wurin. Taro mai yawa yana bin Yesu, sai ya juya ya gindaya musu sharaɗi. Mai son zama almajirinsa sai ya fifita shi a kan uba da uwa da mata da 'ya'ya da 'yan'uwa, har da ransa. Luka da kalmar ƙi ya faɗe ta, mai zafi, Matiyu 10:37 kuma ya nuna maganar ta wanda aka sa a gaba ce. Sai ɗaukar gicciye. Sai misali biyu: mai ginin hasumiya da ya kamata ya zauna ya yi lissafi kafin ya sa harsashi, don kada ya zama abin dariya, da sarki mai soja dubu 10 da zai kara da mai dubu 20, wanda in ya ga ba zai iya ba sai ya aika neman sulhu tun abokin gaba yana nesa. Daga ƙarshe, rabuwa da dukiya. Karatu na biyu a ranar wasiƙar Bulus ce zuwa ga Filimon, inda ya mayar masa da bawansa Unisimas yana roƙon ya karɓe shi a kan ɗan'uwa.

Akwai hanyoyin da aka saba bi a kewaye wannan nassi. Wadda ta fi yawa ita ce a mai da gicciye ya zama kowace irin wahala: ciwon suga, albashin da bai shigo ba, fanshon da ake ta jira, ɗa mara jin magana. Ba na raina wannan, don na ga gwauraye da ta'aziyyar nan ta riƙe su. Sai dai masu sauraron Yesu sun san gicciye da idonsu. Hukuncin kisa ne da Romawa suke yi wa bayi da masu tawaye, wanda aka yanke wa kuma shi yake ɗaukar gungumen ya ratsa gari ana kallonsa. Wahalar da ake nufi ita ce wadda ta same ka saboda ka bi, wadda da ka janye da ka tsira. In aka manta da wannan, sai a wayi gari ana ce wa matar da miji yake duka ta yi haƙuri gicciyenta ne, kuma wannan zalunci ne da aka yi wa ado da aya.

Wasu kuma a kan maginin suke zama. A bayan gari, ta wajen Mile Six da hanyar Kona, ga gidaje nan da suka kai linta suka tsaya, ciyawa ta cika ɗakunan, saboda haka misalin ba ya bukatar bayani. Daga nan wa'azi ya koma shawara a kan tsara kuɗi, wani lokaci ma ya ƙare a gudummawar ginin coci. Maganar iyaye da 'yan'uwa kuwa, akan jingina ta ga wanda ya shigo bangaskiya danginsa suka juya masa baya. Akwai irinsu, kuma sun cancanci a tsaya musu. Amma mu da aka haifa a ciki, aka yi mana baftisma muna goye, sai mu fita coci muna ganin ayar ba ta shafe mu ba.

Ta shafe mu, kuma ina ganin a Taraba ta fi shafar mu a kan kowa. Dangi a nan bai tsaya ga uwa da uba ba. Ƙabila ce, da ƙungiyar ci gaban gari da ake taronta ran Lahadi da yamma bayan an tashi daga coci, da zauren WhatsApp na 'yan gida. Bahaushe ya ce naka sai naka, kuma a ƙasar da hukuma ba ta cika isowa a kan lokaci ba, wannan magana ita ce ta raya mutane da yawa. Dangi ne suke biyan kuɗin asibiti, su ne suke ɗaukar maraya, su ne suke kai gawa gida. Shi ya sa sharaɗin Yesu yake da tsada a wurinmu. Ranar da taron 'yan gida ya ce a yi karo-karo don a rama, almajiri zai ce ba da shi ba, ya kuma san sunan da za a kira shi da shi. Ranar da hoton gawa ya shigo waya da labarin da ba a tabbatar ba, ba zai tura gaba ba. In ɗan kawunsa ne ya cinna wa rumbun wani wuta, ba zai rantse cewa yana gida ba. Wannan shi ne lissafin da aka ce a zauna a yi kafin a sa harsashi. Wani fasto ɗan Jamus, Dietrich Bonhoeffer, ya rubuta littafi a kan almajiranci a 1937, lokacin da ikilisiyoyi da yawa a ƙasarsa suka sa jinsi da ƙasa a gaban Almasihu. Gwamnatin Hitler ta rataye shi a Afrilun 1945. Masu wa'azinmu suna son ambatonsa. Na fi so su ambaci Fada Tanko, da abin da ya fitar da shi hanyar Takum.

Kuma ba ƙabila kaɗai ba. A 2024 ikilisiyar United Methodist ta nan ta rabu gida biyu, wani ɓangare ya koma Global Methodist, rigimar ta kai ga kotu, ta kai ga zubar da jini a ƙaramar hukumar Karim Lamido. Ba ni da hurumin yanke musu hukunci a kan abin da ya raba su. Na dai ga yadda ɓangare yake zama wa mutum dangi cikin 'yan watanni.

Maganar bangaskiya ma haka ake kewaye ta a wa'azi. Ran 6 ga Oktoba na 2019 aka karanta Luka 17:5-10, inda manzanni suka roƙi a ƙara musu bangaskiya, Yesu ya nuna musu cewa ko da ƙanƙantarta ta kai ta ƙwayar mastad, ta isa ta tumɓuke babban itace ta dasa shi a teku. Wannan aya ta sha wuya a hannun masu wa'azin wadata, salon da ya yi ƙarfi a Nijeriya tun zamanin Benson Idahosa na Benin, ya kuma shiga har cikin tsofaffin ikilisiyoyi ta talabijin da taron farkawa. Akan ce wa mutum ya shuka iri, wato ya ba da kuɗi, ya furta da bakinsa, aikin gwamnati ko haihuwa ko mota za ta zo. In ba ta zo ba, bangaskiyarsa ce ta kasa. Na san malaman firamare da suka ba da abin da ya kamata su sayi masara da shi, suka koma gida da yunwa da kuma zargin kai.

Duk wanda ya buɗe littafin ya ɗaga ido aya biyu sama zai ga abin da ya jawo roƙon. Yesu ya gama gaya musu ne cewa in ɗan'uwa ya yi maka laifi sau bakwai a yini, ya dawo sau bakwai yana tuba, ka yafe. Jin haka ne suka nemi ƙarin bangaskiya. Jeren karatun daga aya ta 5 ya fara, don haka nauyin mai wa'azi ne ya jawo na baya. Abin da ya biyo kuma misalin bawa ne da ya dawo daga gona ko kiwo, ya ci gaba da hidimar maigida ba tare da jiran godiya ba, abin da ke nuna cewa ba ciniki ake yi da Allah ba. Karatun farko na ranar Annabi Habakuk ne yana kuka ga Allah a kan ta'adi da zubar da jini da yake gani ba a hukunta ba, amsar da ya samu kuwa ita ce ya jira, ya riƙe aminci. Mutumin da aka ƙone wa ƙauye watanni huɗu baya zai gane kukan Habakuk tun kafin a fassara masa.

Masu wa'azinmu ba jahilai ba ne. Sun yi shekaru a makarantar horar da firistoci ta St Augustine a Jos, ko TCNN a Bukuru, ko Bambur, kuma duk abin da na faɗa sun fi ni saninsa. Tsoro ne, kuma tsoro mai dalili. Fada ko fasto shi ma ɗan wata ƙabila ne. In ya tsawata wa nasa, za a ce ya sayar da gida. In ya tsawata wa wasu, za a ce ga shi nan ya fito da abin da ke ransa. Baikon da ake biyan katikis da mai gadi da shi daga aljihun masu sauraron yake fitowa. Ina tausaya musu ƙwarai. Amma mu masu zama a benci muna da hannu a ciki, don mu ne muke yaba wa'azin da ya ba mu dariya, mu ɗaure fuska ga wanda ya taɓa mu.

Wa'azi mafi kaifi da na ji a shekarar ba a mumbari aka yi shi ba. A addu'ar unguwa ce, wadda muke yi da yamma a tsakar gidan ɗaya daga cikinmu, bi da bi. Wani tsohon katikis da ya daina aiki ne ya karanta mana Luka 17, ya fara daga aya ta 3. Da ya gama ya rufe littafin ya ce, "'Ya'yana, ni ba zan yi muku dogon bayani ba. Kowa a nan ya san gidan da ya daina shiga tun da aka fara faɗan nan. Kafin Lahadi a je a gaishe su." Wata mata da aka kashe wa ƙane a kudancin jihar ta ce, "Baba, ni kam ban iya ba tukuna." Ya ce, "Na ji, 'yata. Manzanni ma da aka gaya musu, ƙarin bangaskiya suka roƙa. Ke roƙa, mu za mu je a madadinki."

Ba kowa ya je ba. Ni da maiɗakina mun je gidan wani ma'aikacin lafiya da muka yi shekaru muna cin Kirsimeti tare, muka daina ba tare da wani ya ce wa wani uffan ba. Ya karɓe mu a tsaye, ya daɗe bai kawo kujera ba. Mun yi masa gaisuwar mutanensa da aka rasa, shi ma ya yi mana ta namu, matarsa ta kawo kunu. Ba mu taɓo maganar wanda ya fara ba. Matar da ta ce ba ta iya ba ta ci gaba da zuwa addu'ar, sai bayan Ista ta shekarar da ta biyo ta nemi Baba Katikis ya raka ta.